Dokar Magariba

Ranar da Takwara ta dawo daga asibiti ta tarar da jakar Kaka a bayan ƙofa, an ɗaure ta tam da igiyar shanya, ta san magana ta wuce wasa.

Takwara ma'aikaciyar jinya ce. Sunan Kaka aka sa mata, shi ya sa tun tana goye kowa ke ce mata Takwara, har sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan miji. Kakar ce ta raine ta a wani gari na kan tudu, inda sanyin asuba ke sa mutum ya taɓa ruwa yana cije baki. Da aka yi wa Takwara da mijinta canjin wurin aiki zuwa wannan gari na kwari, mai rana kamar an buɗe bakin tanda, likita ya ce sun yi dace. Gwiwoyin tsohuwa da ƙirjinta sun gaji da sanyi, a tafi da ita. Aka kuwa tafi da ita, kuma maganar likita ta tabbata. Tarin da ya yi shekaru yana hana ta sakat ya lafa, sandar da take dogarawa ta koma abin zaƙulo takalmi daga ƙarƙashin gado.

Ga shi yanzu ta ɗaure jaka.

"Kaka, wannan kayan fa? Miji kika samu ba mu da labari?"

"Gida za ni," in ji Kaka, ba ta ko ɗago kai daga carbinta ba. "Na yi waya da Direba. Ranar Asabar zai biyo ya ɗauke ni."

"Wane gidan? Wanda babu kowa a ciki sai ɓeraye da sanyi?"

"Ɓerayen ba su taɓa tsayawa gaban mita suna ajiyar zuciya saboda ni ba."

Takwara ta zauna a hannun kujera, jakar aikinta na rataye a kafaɗa. Ta gane inda maganar ta dosa.

Mijinta malamin makarantar sakandare ne, kowa Malam yake ce masa, har ita. Mutum ne mai tsari, irin wanda ke jera takalmansa suna kallon gabas ɗaya. Tun a garinsu na tudu ya kafa wata doka a gidan, wadda ya gada daga mahaifinsa: ba a kunna abu mai cin wuta sai rana ta faɗi. A can kuwa dokar tana da dalili, domin da rana masana'antu ne ke jan wuta, farashinta ya yi sama, da yamma su rufe, farashin ya sauko. Saboda haka guga, da injin wanki, da injin tura ruwa tanki, da tukunyar lantarki, duk jira suke a yi magariba. Dokar ta rufa musu asiri shekara da shekaru, har abokan Malam suna zuwa koyo. Da suka tashi ƙaura, tare da katifu da tukwane suka ɗauko ta, suka hau da ita bene hawa na biyu a sabon gari.

Amma a nan abin ya ƙi. Katin wutar da ke kai su ƙarshen wata a can, nan ko tsakiyar wata ba ya gani. Kullum Malam ya dawo da yamma sai ya tsaya a gindin matakala, inda aka jera mitocin mutanen benen, ya tarar ƙaramar fitilar mitarsu ta yi ja. A garinsu ja na nufin kati ya kusa ƙarewa. Sai ya ja dogon numfashi, ya ciro waya ya ƙara kati, ya hau sama. Kaka kuwa tana kallonsa ta tagar ɗakinta. Ta kuma san cewa a duk gidan ɗakinta ne kaɗai ke da na'urar sanyaya ɗaki, wadda ake kunna mata daga magariba, saboda kafin lokacin ɗakin ya zama kamar cikin murhu. Ta haɗa wannan da wancan, ta yanke wa kanta hukunci.

Da Malam ya shigo ya ji labari, ya durƙusa gabanta da jakar littattafansa.

"Haba Kaka! Ni na taɓa cewa kin ci mana wuta?"

"Bakinka bai ce ba. Goshinka ne ya ce."

"Goshin nan haka Allah ya halicce shi."

"Ƙarya kake. Na san shi tun kana zuwa zance, sumul yake kamar faranti. Nan garin ya yi layi-layi."

Suka yi lallashi, suka yi rantsuwa, Takwara ta tuna mata da likita, ta tuna mata da tari. Kaka ta ce tari nata ne, ta san yadda take zama da shi, amma ba za ta zauna tana cinye albashin yara tana kallo ba.

Takwara ta roƙi wata abokiyar aikinta suka yi musayar aiki, ta samu ranar Alhamis. Niyyarta ta yini da tsohuwa, ta bi ta da lalama har ta kwance jakar. Tun da suka zo garin ba ta taɓa yini a gida ba, kullum da sassafe take fita, sai rana ta yi sanyi ta dawo.

Malam na fita, Kaka ta miƙe kamar wadda ke jiran a buga ƙararrawa. Ta bi bango tana kashe makunnai ɗaya bayan ɗaya. Ta sunkuya bayan firji ta zare wayarsa. Sannan ta bi tagogi ta yaye labule duka, ta buɗe gilasai, rana ta shigo ta baje a kan kujeru da tabarma da gadonta.

"Kaka! Tun yaushe kike kashe firji?"

"Tun da na fara karanta goshin mijinki."

"Ashe ke ce! Ni ina ta zagin mai sayar da madara, na ce tsohuwa yake ba mu."

"Tsohuwa dai tana cikin gidanku, ba ta cikin madara."

"To labulen fa? Wa ya ce ki gayyato mana rana?"

Kaka ta dube ta da mamaki. "Yau kuma? Ba haka na raine ki ba? Da safe a buɗe ɗaki ya sha rana, da yamma a rufe kar ɗumin ya gudu."

Haka ne kuwa. A garinsu rana baƙuwa ce mai daraja, in ta leƙo har kujera ake ja a bi ta. Takwara ta tuna ita ma da hannunta take rufe tagogin nan kowace yamma, ba ta taɓa tambayar kanta dalili ba. Kafin hantsi ya gama dagawa zufa ta jiƙa mata riga. Ta dubi Kaka zaune a tsakiyar wannan zafi tana fifita da murfin kwali, ta tuna haka take yini kullum ita kaɗai, ba fanka, ba ruwan sanyi. 

Ana cikin haka, rana ta kusa tsaka, sai benen ya farka. Daga sama injin wanki ya fara gurnani. Daga ƙasa injin ruwa ya ɗauka. Can wani injin markaɗe ya shiga, can wani ya amsa masa, har bango na rawa.

"Kin ji su ko?" in ji Kaka. "Kullum haka suke, da tsakar rana tsaka. Na faɗa muku kun ce mita ce irin ta tsofaffi. Matan garin nan ba su da tausayin aljihun mazajensu."

Takwara ta leƙa waje don ta sha iska. A bakin matakala ta yi kiciɓis da maƙwabciyarsu ta ƙofar da ke kallon tasu, wadda ake kira Maman 'Yan Biyu, ɗauke da kwandon kaya gogaggu har suna tururi. Mace ce mai fara'a da baki, gaisuwa kawai ke haɗa su a guje da safe.

"A'a! Matar manya! Yau an gan ki da rana."

"Wane manya kuma, Maman 'Yan Biyu?"

"Ke, kar ki raina mana hankali. Duk benen nan wa ke kunna injin wanki da magariba in ba ku ba? Ga guga, ga injin ruwa, duk a lokaci ɗaya. Baban 'Yan Biyu cewa ya yi ko dai kamfanin wuta na surukinki ne, ko kuma kuna da wata rijiyar kuɗi a ƙarƙashin gado."

"Ai don mu rage kuɗin wuta muke yi."

Maman 'Yan Biyu ta ajiye kwandon a hankali. Ta dubi Takwara daga sama har ƙasa, ta ga ba wasa a fuskarta. Sai dariya ta ƙwace mata, ta dafa bango, ta dafa ciki.

"Wayyo Allah cikina! Don ku rage? Zo nan, 'yar'uwa, zo. Ba a faɗin wannan da baki, sai an gani."

Ta kama hannunta ta ja ta ƙasa, har silifas ɗin Takwara ɗaya ya tsaya a matakala. A gindin benen mitoci na jere a bango, kowace da 'yar fitilarta. Dukansu kore shar. Har tasu.

Takwara ta matsa kusa, ta goge gilashin da gefen mayafi. Ba ta taɓa sanin mitar nan tana da wani launi ban da ja ba.

"Da za ku shigo garin nan," in ji Maman 'Yan Biyu, "ba ku ga wasu baƙaƙen faranti ba a bakin hanya, fili guda, ido bai ganin ƙarshensu?"

"Mun gani. Malam har ya tsayar da mota ya yi mana bayani."

"To su ne ke ba mu wuta da rana. Mu nan abin da muka fi kowa shi ne rana. In ta take, wuta yawa take yi har kamfani ya rasa inda zai kai ta, sai ya karya farashi, fitila ta yi kore. Rana na faɗuwa farantan nan sun yi barci. A daidai lokacin kowa ya dawo gida, kowa ya kunna na'urar sanyi, sai kamfani ya tada manyan injinansa masu shan mai. Wa zai biya man? Ni da ke. Sai fitila ta yi ja. Ja tsada, kore arha. 'Yan biyuna ma sun san wannan."

"A garinmu in ta yi ja, kati ne zai ƙare."

"Nan in kati zai ƙare kuka take yi, ƙi-ƙi-ƙi, kamar ɗan tsako. Kin taɓa jin taku ta yi kuka?"

"Ina za ta yi? Kullum Malam cikin ɗura mata yake."

Maman 'Yan Biyu ta sake fashewa. Ta ja ta waje tsakar fili, ta nuna mata benen da yatsa. Kowace taga a rufe, kowane labule a sake. Tagoginsu ne kaɗai a wangale, ga kan Kaka ya leƙo daga ɗaya.

"Mun daɗe muna tausayin tsohuwar nan. Wasu suka ce magani ne likita ya rubuta mata, a riƙa gasa ta. Ke, a garin nan rana ba a ba ta wurin zama. In ta shiga ɗaki bango ke shanye ta, ya yi ta amayo miki ita har gari ya waye."

Takwara ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Ta haye matakala bibbiyu, ta tsallake silifas ɗinta, ta faɗa ɗaki tana haki.

"Kaka! Ba ke ba ce! Wallahi ba ke ba ce! Mu ne! Komai a juye muke yin sa!"

"Ke, nutsu. Wa ya mutu?"

"Dokar magariba!"

Ta kira Malam. Aka yi sa'a lokacin hutun ɗalibai ne, yana ɗakin malamai. Ta zazzage masa labari ba ta ko shaƙar iska. 

"Kore?" ya ce. "Kin gani da idonki?"

"Da idona biyu."

"Kar ki bari kowa ya taɓa ta. Ga ni nan."

Ba a jima ba babur ya sauke shi a ƙofar benen, da alli a hannun rigarsa. Ya tsuguna gaban mitar kamar wanda ya zo barkar haihuwa. Ya kalle ta ta dama, ya kalle ta ta hagu. Takwara ta tsaya tana jiran ta ga ko zai ji kunya, domin dokar nan abin alfaharinsa ce. Sai ta ga kafaɗunsa na rawa. Dariya yake yi.

"Ka ji mu! Ka ji malamin makaranta! Na tsaya a bakin hanya ina yi muku lacca a kan farantan nan, na shigo gida na yi abin da Baba ke yi a kan tudu." Ya miƙe zumbur. "Takwara, me muke jira? Tana kore! Kunna komai!"

Suka hau a guje kamar yara. Shi ya jona firji, ya kunna injin ruwa, ya sa dutsen guga. Ita ta cusa kaya a injin wanki, ta ɗora tukunyar lantarki, ta danna na'urar sanyi, ta ƙara da fanka. Gidan ya ɗauki ƙugi, Malam ya ɗaga hannu sama kamar mai ba da umarni ga makaɗa.

Sai ji suka yi ƙas. Komai ya tsaya cak.

Kaka ta ci gaba da fifita da murfin kwalinta. "To, madalla. Kun kashe ta gaba ɗaya, kowa ya huta."

Maman 'Yan Biyu ta leƙo tana share hawayen dariya. Babban makunnin gidan ne ya faɗi, don an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ta ɗaga shi da tsinken tsintsiya, ta ce musu arha ba hauka ba ce, a bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya gama a kunna wancan.

Da ƙura ta lafa, aka rufe tagogi, aka saki labule, Takwara ta zauna a gaban Kaka ta yi mata bayani dalla-dalla, tun daga farantan bakin hanya har zuwa bangon da ke shan rana. Kaka ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ta ba.

"Na ji," ta ce. "To amsa mini ɗaya. Na'urar ɗakina, yaushe take aiki?"

"Daga magariba."

"Lokacin fitilar wane launi ce?"

"Ja."

"Kin gani. Kore ko ja, ni dai a ja nake ci. Ku gyara wankinku da gugarku, Allah ya ba da sa'a. Asabar tana nan."

Murnar Takwara ta sauka kamar an zare wa firji waya. Tsohuwar ba ta yi ƙarya ba. Malam ya shiga kai da komo a tsakar ɗaki, yana magana da kansa kamar yana gaban allo. Ya ce in rana ba ta shiga ɗakin ba, zafin da za a kora kaɗan ne. In kuma aka kunna na'urar tun da rana, lokacin kore, aka rufe ƙofa, bango zai sha sanyi maimakon zafi, da magariba a kashe ta, fanka ta ƙarasa aikin. In iskar dare ta huce a buɗe tagogi.

"Zai yi," ya ce, idonsa na ƙyalli. "Wallahi zai yi! Matsala ɗaya ce. Duk wannan da rana ake yin sa, mu kuwa da rana ba ma nan. Injin wanki ba zai kunna kansa ba."

Ya tsaya. Takwara ta dube shi, ya dube ta, su biyun suka juya suka dubi Kaka.

"A'a," in ji Kaka. "Ku daina kallona kamar kun ga nama. Wayo za ku yi mini."

"Wayo ne," in ji Takwara. "Ba zan ɓoye miki ba, so nake ki zauna, ko da wuta ko ba wuta. Amma kuma gaskiya ne. In kin tafi, wa zai kama mana koren nan? Haka za mu ci gaba da wanki a ja, mutanen bene suna ce mana masu rijiyar kuɗi."

Kaka ta juya carbinta, ta dubi kwandon wankin da ya cika ya tumbatsa.

"Gobe kawai," ta ce. "Don kar a ce na tafi na bar ku cikin dauɗa."

Takwara ta ɗauko filastar da take ajiyewa a jakar aiki, ta yayyanka ƙanana, ta manna a kan duk maɓallin da za a danna. Ta nuna mata na injin wanki, Kaka ta danna da ɗan yatsa ɗaya tana ja da baya kamar zai cije ta. Da injin ya fara juyi ta ce, "Au, shi ke nan? Wannan ne kuke yi wa fankama?"

Ranar Juma'a Takwara ta yini a asibiti jikinta na wurin, hankalinta na gida. Sau biyu tana ɗaga waya ta kira, tana fasawa, don ta san Kaka ba ta son a tsaya mata a ka. Da aka tashi ta haɗu da Malam a bakin titi, shi ma sauri yake. Suka tsaya a gindin matakala. Fitilar ta yi ja, kamar kullum a wannan lokaci. Amma Malam bai kalli fitilar ba, lambar da ke ƙasanta ya kalla, wadda ke nuna abin da ya rage a kati. Ya haddace ta da safe kafin ya fita.

"Takwara, duba mini. Ko idona ne?"

Ta duba. Abin da aka ci bai kai rabin na kullum ba.

Malam ya yi wani tsalle da bai dace da mai koyar da manyan ɗalibai ba, ya haye sama yana kiran Kaka tun daga hawa na ɗaya. Suka tura ƙofa, wani sanyi mai laushi ya tare su. Labule a sake, ɗaki ya yi duhu-duhu. Kaya na ninke a kan kujera, an ware na Malam daban. Tanki ya cika, abinci na cikin kula, ruwan firji har ya yi ƙanƙara. Na'urar sanyi a kashe, fanka kaɗai ke juyawa. Kaka na zaune a tsakiyar gadonta da ƙaramin mayafi a kafaɗa, Maman 'Yan Biyu na gefenta suna shan shayi.

"Kakarku ta fi ku kai," in ji Maman 'Yan Biyu. "Sau nawa tana sauka duba fitila! Har ta kama matar hawa na uku ta bar injin ruwa yana zuba."

Malam ya zauna a ƙasa ya faɗa wa Kaka lambar. Sannan, da yake mutum ne da ba ya son ƙarin gishiri, ya ce, "Ba zan ce miki za ta kai arhar garinmu a watannin zafi ba. Zafin nan sai an biya shi. Amma can ma in sanyi ya shigo hitar ɗumama ɗaki ke cinye mu. Kowane gari da lokacin da yake karɓar nasa."

"Na ji," in ji Kaka. 

Takwara ta saci kallon bayan ƙofa. Jakar na nan, a ɗaure.

Asabar da hantsi aka yi ham a ƙasa. Takwara na wanke kofuna, ɗaya ya suɓuce mata ya faɗa cikin ruwa. Ta leƙa ta gefen labule, ga motar Direba, wani mutumin garinsu mai jigila tsakanin tudu da kwari. Ta nemi Kaka a ɗaki ba ta gan ta ba. Can ta jiyo muryarta a gindin bene, tana ce wa Direba ya hau ya ɗauko kaya.

Direba ya shigo ya gaishe su, ya sunkuci jakar ya ɗora a kafaɗa. Malam ya buɗe baki, Takwara ta girgiza masa kai. Sun faɗi duk abin da za su faɗa. Suka bi shi a baya suna saukowa a hankali.

Kaka na tsaye gaban mitoci, hannu a ƙugu, ko mayafin tafiya ba ta yafa ba.

"Inna, jakar nan ta yi nauyi," in ji Direba. "Duwatsu kika zuba?"

"Hita ce a ciki, da barguna, da rigunan sanyi, da safa. Ka kai wa maƙwabciyata ta bayan gida, mai ciwon ƙafa. Ka ce in ji ni ta yi ta fama, ni na yi ritaya daga sanyi."

"Ke fa? Na bar miki gidan gaba."

"Ka sa wani. Ni ina da aiki."

Takwara ta tsaya a matakala ta ƙarshe. "Kaka, kayan sawarki fa?"

"Suna cikin durowa tun jiya da rana. Ke da kike jinyar mutane, ba ki lura jakar ta canja ciki ba?"

"Shi ne kika bar ni na kwana da fargaba?"

"Ke da mijinki kun bar ni ina gasuwa tun da muka zo, ban yi ƙara ba."

Takwara ta rungume ta tana dariya, hawaye na zuba, Kaka na ture ta tana cewa za ta karya mata ƙashi. Direba ya tsaya da jaka a kafaɗa, ya rasa gane kan zancen, ya ce shi dai a biya shi kuɗin kaya. Malam ya rako shi mota yana ƙoƙarin yi masa bayanin farantan bakin hanya.

A daidai nan 'yar fitilar ta ƙifta, ta koma kore. Kaka ta tafa hannu.

"Yauwa, ta buɗe ido! Malam, bar mutumin nan ya kama hanya. Hau ka fito mini da rigunan makarantarka. Ke kuma Takwara, tagar kicin na hango a buɗe. Wa ya ce ki gayyato mana rana?"